Ranar da Na'ibi Ya Ja Ɗakin Haladu

A Madinar Masana'antu ta Jidda, in ka tambayi Alhaji Na'ibi, sai a tsaya ana kallonka. Amma ka ce Abu Laffa, wato uban zagaye, har mai shayin bakin titi zai nuna maka garejinsu. Larabawan wurin ne suka raɗa masa sunan, kuma wallahi ba su zalunce shi ba. Mutum ne da za a ce masa ga wuri can ana hangowa, ya ce to, ya karya kan mota ya nufi wata nahiyar. Sai bayan awa biyu a gan shi ya ɓullo ta baya, yana murmushi abinsa.

Sana'arsa jan karafan. Karafan ɗaki ne na ƙarfe da katako a kan tayoyi, ƙofa ɗaya taga biyu, da ake ɗaurawa a bayan mota a kai wurin gini, injiniya ya sha sanyi a ciki ko mai gadi ya kwana. Shi Na'ibi Bahaɗeje ne, tun a gida direba ne, yana ɗauko bandar kifi daga Nguru zuwa Kano. Ya zo aikin Hajji a 1977, ya tarar ana ta gini ko'ina kamar ana rige-rige, ya ce bari ya ɗan tsaya ya ga kamun ludayin garin. Wannan ɗan tsayawar ce ta cinye masa ƙuruciya. Allah ya haɗa shi da wani Abdulghani, mai ƙera karafan, wanda direbobi uku suka riga suka kifar masa da ɗakuna a kwana. Ya ga tuƙin Na'ibi sau ɗaya, ya tsaya masa kafili, wato ubangidan da ke lamunce wa baƙo, ya yi masa iƙama, takardar izinin zama, da lasin.

Ga yadda yake aikinsa. In an ce gobe za a kai karafan wuri kaza, shi yau zai je. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji shi, ya kuma faɗi maganar nan har Abdulghani da ba ya jin Hausa ya haddace ta. Zai ɗauki wanet ɗinsa, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ya bi hanyar ba ya jan komai. A bayan motar akwai wata doguwar sandar gora mai jan ƙyalle a ka, tsawonta daidai tsawon karafan. Duk inda ya ga wayar lantarki ta yi lilo, ko wata gada da bai yarda da ita ba, ya tsaya, ya sauko, ya miƙa gorar. Masu motoci su yi ta danna masa oda, ko a jikinsa.

Ya tsani shataletale, ga Jidda kuwa kamar an bar mata wasiyya da shataletale. Ba ya son hawan gada, ba ya son tudun rage gudu, domin shi ke fasa gilashin taga. Amma abin da ya fi tsana shi ne ribas. Ya ce karafan ba shi da tarbiyya in ana ja da baya, ka ce masa dama ya tafi hagu, kamar jakin da aka ɗora wa kaya ba da son ransa ba. Saboda haka ba ya shiga lungun da bai ga mafitarsa da idonsa ba. In an bar masa zaɓi kuma, safiyar Juma'a yake ja, lokacin da gari ke barci har a kira salla. Shekara kusan talatin, bai taɓa fasa ko gilashi ɗaya ba.

Matarsa Mastura ce ta fi kowa shan wahalar wannan hali. Ita haifaffiyar Jidda ce, jikar mutanen da suka zo Hajji a ƙafa tun zamanin da, Hausarta rabi Larabci rabi. Har yau ba ta yafe masa ranar da ya ɗauke ta zuwa suna a unguwar Bagdadiyya ba. Ba ya jan komai, ita kaɗai ce a motar, amma hannunsa ya riga ya saba, ya yi ta bin hanyoyinsa marasa gargada har suka isa ana wanke tukwane. Ta ce masa ita ba karafan ba ce, ko an girgiza ta ba ta fashewa. Ya ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ta ce ai shekarar ta kusa cika.

To, akwai ɗaki ɗaya da Na'ibi ke ja ba don aiki ba, shi ne ɗakin Haladu.

Haladu Bakatsine ne, ya girme shi da shekara goma. Jirgi ɗaya ya kawo su, tabarma ɗaya suka raba shekara uku a wani ɗakin haya mai mutum tara. Da yake Bakatsine da Bahaɗeje abokan wasa ne, tun ranar farko suke zagin juna, ba su kuma fasa ba. Na'ibi na ce masa Yaya, amma ya biyo da cewa Katsinawa sai dogon Larabci ba abinci. Shi kuma ya ce Bahaɗeje ko a Aljanna aka sa shi sai ya tambayi ina kogin kifi. Bambancinsu ɗaya: Na'ibi ya sami takarda, Haladu bai samu ba. Gadi ya kama, na wuraren gini, inda ba a cika tambayar iƙama ba. A 1984 wani ɗan kwangila ya gama aiki ya bar masa tsohon karafan kyauta. Daga ranar ya zama mai gida. Duk inda ya sami sabon gadi, Na'ibi ya zo ya ja masa ɗakinsa zuwa can.

Sau goma sha ɗaya suka yi wannan ƙaura, kuma kullum Haladu na ciki. Ba zai zauna a gaban mota ba, domin baƙin dattijo a gefen direba shi ake fara tambaya takarda. Sai ya ja labule, ya kwanta a kan tabarma, rediyo a hammata, butar shayi a tsakanin ƙafafu. Sun zura wata igiya ta tagar gaba, suka ɗaure ta da gwangwani mai tsakuwa a bayan wanet, a kan in wani abu ya faru ya ja, Na'ibi ya tsaya. Bai taɓa ja ba. Shi kuwa Na'ibi, in ɗakin Haladu zai ja, ba gada da waya kaɗai yake aunawa ba. Har da taftish, wato inda jami'an jawazat, masu kula da shige da fice, ke tare hanya suna duba takardu. Ya san wuraren tsayuwarsu da lokutansu kamar yadda ya san lokutan salla.

Kowace Juma'a bayan an sauko, sai ya kai wa Haladu tuwon Mastura, su zauna a inuwar karafan, su ci, su yi zage-zagensu har la'asar. Na'ibi na da 'ya'ya shida da abokan aiki cike da gareji, amma a duk faɗin Jidda mutum ɗaya ne ya san shi tun bai zama Abu Laffa ba. Yana son tsohon nan, so na gaske, ko da yake da za ka faɗa masa haka da ya ce ba ka da aikin yi.

Abu ɗaya ne ba ya so a ɗakin, shi ne kaset. Haladu ya baro 'ya ɗaya a gida tana goye, sunanta Fatu. Uwar ta rasu tuntuni. Da yarinyar ta girma, sai ta riƙa ɗaukar muryarta a kaset duk shekara, ta ba alhazan garinsu su kawo masa. A haka ya ji labarin aurenta, ya ji kukan jikokinsa. Duk ranar da kaset ya zo, Haladu kan yi kwana uku ba ya zagin kowa. Da ya danna rediyon, sai Na'ibi ya miƙe wai zai duba iskar taya. Ya san abin da muryar nan ke nema, kuma ba ya so a ba ta.

A 2006 Haladu na gadi a Abhur, can ƙarshen arewacin gari. Ya haura saba'in, gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo. Gini ya ƙare, mai wuri ya ce halas, wato shi ke nan, a ɗauke karafan cikin kwana goma. Kowa ya san babu mai sake ɗaukar mai gadin da ɓarawo zai yi wa sallama bai gane shi ba. Ga shi an gama aikin Hajji, ana ta kame, kullum sai ka ji an kwashe wane da wane. In aka kama Haladu, jirgi za a sa shi, kuma a shekarunsa babu dawowa. Wannan tsoron ne ya hana Na'ibi sukuni.

Nan take ya yanke shawara shi kaɗai. Akwai wani fili a jikin gidansa a Kurayyat, can kudancin gari, nan za a ajiye ɗakin, a jawo masa wuta, Mastura ta riƙa zuba masa abinci, ya huta har Allah ya yi ikonsa. Ya gaya wa Mastura, ya gaya wa liman, ya gaya wa maƙwabta, sannan ya je ya gaya wa mai ɗakin. Haladu ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya saka da alheri. Ko zagin nan bai yi ba, amma Na'ibi ya yi kamar bai lura ba.

Kwana huɗu ya yi yana auna hanya. Daga Abhur zuwa Kurayyat keta gari ne tun daga ka har ƙafa. Ga babban titin Haramaini shimfiɗe kamar tabarma, ba shataletale, ba tudu, minti arba'in an isa. Amma akwai wata gada a kansa da jawazat ke tsayawa a ƙarƙashinta, har ranar Juma'a. Don haka sai ta cikin gari. Ya bi wannan titi ya tarar an haƙa rami, ya bi wancan ya tarar ya tsuke a ƙarshe. Ya sauka da gorarsa ya fi sau hamsin, rana na dukansa. A rana ta huɗu ya zana hanyar a jikin kwali, murɗaɗɗiya kamar hanjin kaza, ya nuna wa Mastura yana alfahari. Ta dube shi, ta dubi kwalin, ta ce masha Allah, ta koma kicin.

Ranar Juma'a, rana na fitowa ya isa Abhur. Ya tarar da Haladu sanye da farar riga sabuwa dal da hula zanna, ya ce ashe Katsinawa ma na wanka. Haladu ya yi dariya kaɗan. A bakin ƙofa akwai wata jaka ɗaure tam da igiya. Mai ƙaura da ɗakinsa gaba ɗaya, me zai yi da haɗa jaka? Na'ibi ya gan ta sarai, ya kau da kai, ya sunkuya ya ɗaura karafan, ya duba sarƙa sau biyu, ya zura igiyar gwangwani. Suka yi bismilla suka kama hanya.

Tafiya ta yi kyau, ba a magana. Titi fayau, kantuna a rufe, sai kyanwoyi a bakin bola. Awa biyu yana lallaɓawa, ko cokali bai motsa a ɗakin ba. Sun shigo Bagdadiyya, tsakanin ofisoshin da babu kowa, saura kaɗan su bi ta bayan tashar jiragen ruwa su miƙe kudu, sai gwangwani ya yi ƙara.

Na'ibi ya gangara gefe, ya fito da sauri har ya bar takalmi ɗaya a mota. Ya buɗe ƙofa ya tarar da Haladu zaune, ba kwance ba, labule a ɗage, jaka a cinya.

"Na'ibi, ina za ka kai ni?"

"Gida mana, Yaya."

"Gidan wa?"

Haladu ya ce ya shigo ya zauna, Na'ibi ya zauna a bakin ƙofa. Tsohon ya yi maganarsa a hankali, ba faɗa. Ya ce kwana goma yana jira a tambaye shi. An tambayi gada, an tambayi wayar lantarki, an tambayi liman, shi kaɗai ne ba a tambaya ba. Shi kuma kunya ta ɗaure masa baki. Mutum ya share maka wuri, ya shaida wa unguwa, matarsa ta yi shiri, da wane baki za ka ce ba ka so? Ya so ya haɗiye, amma da ya leƙa ya ga sun kusa, ya san in ya sauka a Kurayyat ya ci tuwon Mastura na kwana uku, shi ke nan, ba zai iya tashi ba har a ɗauki gawarsa.

Ya ce a kaset ɗin bana Fatu ba ta ba da labarin kowa ba. Cewa ta yi ana ta gaya mata ita hancin babanta ta ɗauko, tana so ta gani da idonta kafin ɗayansu ya mutu. Ya ce ba shi da fasfo, ba shi da tikiti, hanyarsa ta gida ɗaya ce, jawazat su ɗauke shi. Kuma a duk garin nan babu wanda ya san inda suke tsaye a wannan sa'a sai Na'ibi.

Na'ibi ya kawo hujja iya hujja. Ya ce wurin da ake tara masu komawa cunkoso ne, ana yin makonni, gwiwarsa ba za ta ɗauka ba. Haladu ya ce wanda ya yi shekara ashirin da biyu a cikin gwangwani ba a tsorata shi da ɗaki. Na'ibi ya ce to a ce Alhaji ya dawo bayan shekara talatin da jaka ɗaya, ai dariya za a yi. Haladu ya ce masu yin dariyar duk suna maƙabarta. Hujja ta ƙare, saura gaskiya, ita ma ta fito ba da shirinsa ba.

"To ni fa, Yaya?"

Haladu ya dube shi da idanun nan masu hazo.

"Kai ka same ni shekara talatin. Ita ko yini ɗaya ba ta samu ba."

Na'ibi ya goge fuska da hannun riga. Ya ce Katsinawa dai ba su da kirki, a ja mutum awa biyu sannan ya ce ba nan za shi ba. Haladu ya ce Bahaɗeje ne ya ɗauki fasinja bai tambayi inda zai sauka ba. Na'ibi ya rufe masa ƙofa, ya koma mota, ya karya kai gabas.

Tafiya yake a hankali, yana fata a ransa ya tarar an haƙa rami ko an tare titi, ya sami uzurin cewa sai wata Juma'ar. Ina! Ran nan Jidda ta buɗe masa kamar da gayya. Duk fitilar da ya doso sai ta ba shi hannu. Kafin ya ankara ga shi a kan Haramaini, ga gadar can gaba.

Ya tsaya nesa, a bayan wata tirela da ta lalace a gefen titi, inda ba a hango su. Haladu ne ya ce a yi haka, domin ɗaukar marar takarda laifi ne, ba zai tafi ya bar wa Mastura miji a tsare ba. Na'ibi ya riƙe shi ya sauko. Ya cire masa hula, ya rubuta lambar wayarsa a cikinta da biro, ya mayar masa. Haladu ya miƙa masa makullin ɗaki, ya ce a yafe masa, a gaida Mastura, a ce mata tuwonta ba laifi. Suka riƙe hannun juna, an rasa mai fara saki.

Mai jan karafan ba ya daɗewa a gefen babban titi, ba kuma ya komawa baya. Dole Na'ibi ya shiga mota ya yi gaba, ya wuce tsohon yana takawa. A ƙarƙashin gada wani matashin askari, wato jami'i mai kaki, ya karɓi iƙama da lasin ya duba, ya buɗe ƙofar karafan, ya ga tabarma da buta da rediyo. Ya tambaya ko akwai mutum. Na'ibi ya ce babu kowa. Aka ce ya wuce.

Ya yi ta duba madubi, ba ya ganin komai sai jikin ɗakin da yake ja. Sai da titi ya ɗan karkata sannan ya hango farar riga can baya tana tahowa a gefen kwalta, taku ɗaya-ɗaya. Ya ga askarin ya nufe shi, ya ga ya karɓi jakar ya riƙe masa. Titi ya miƙe, karafan ya sake tare madubin.

Ya isa Kurayyat kafin kiran salla. Mastura na tsaye a bakin fili, an share an yayyafa ruwa. Na'ibi ya kashe mota, ya zauna riƙe da sitiyari, ya kasa fitowa. Ta je ta leƙa ɗakin, ta dawo ta tsaya a jikin tagarsa. Ya jira ta yi masa tsiya, ba ta yi ba.

"Ya faɗa maka ke nan, ya Abu Saleh," ta ce, tana kiransa da sunan babban ɗansu.

Ashe ita ta sani tun ran farko. Ta ce duk wanda ya kalli fuskar Ammi Haladu, wato Baffa Haladu, zai sani, sai dai wanda ba ya so ya sani. Ta buɗe masa ƙofa ta ce ya sauko ya yi alwala.

Mako biyar babu labari. Na'ibi ya rame, ya koma kwana da waya a aljihu, har masallaci ba ya kashe ta, liman ya yi magana ya gaji. Ran nan da hantsi suna karyawa wayar ta yi ƙara, lambar Najeriya. Ko sallama Haladu bai gama ba ya hau ƙorafi. Wai direban da ya ɗauko su daga Kano mahaukaci ne, duk ramin da ya gani sai ya faɗa, ya tabbata ɗan Haɗeja ne. Bayansa ana jin hayaniyar yara da kukan akuya. Na'ibi na dariya yana ramawa, sai tsohon ya ce tsaya, ga mai magana.

Muryar nan ce ta kaset, wadda ya yi shekaru yana guje mata. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki. Sannan ta ce, "Baba Na'ibi, na gode da ka sako mini shi."

Na'ibi ya goge ido da hannun riga. Ya miƙa wa Mastura wayar.